Yadda Na-Sani Ya Hau da Ƙasa Sama

A wani gidan haya mai bene akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Na-Sani. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Jiya da na je kasuwa..." sai ya tare ka, "Na sani." Akwai ranar da likita ya fara yi masa bayanin magani, ya ce ya sani, ya dawo gida ya haɗiye na shafawa, ya shafa na haɗiya. Sana'arsa sayar da tocila da batir a bakin tasha, daga nan fa ya ɗauka shi da lantarki uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tela ce. A sama suke zaune, kekenta na lantarki yana maƙale a lungun falo tsakanin firij da doguwar kujera, idan mai ɗinki ta zo awo sai an ɗage tebur an kai ɗaki. Burinta ɗaya ne a duniyar nan: ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, mai ƙofa a bakin titi, wanda ya daɗe a kulle. Duk ta zo wucewa sai ta leƙa ta taga, ta auna da ido inda keke zai zauna da inda za ta rataye madubi. Matsalar ita ce ba ita kaɗai ke leƙen ba. Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da ɗakin, shi ma ya daɗe yana haɗiyar yawu, yana so ya fasa bango ya ƙara kujeru.

Ana nan sai wutar gidan ta fara ja. Ka taɓa firij, ta ja ka. Ka taɓa famfon banɗaki, ta ja ka. Maman 'Yan Biyu ta koma ɗinki da safa a hannu. Goggo, tsohuwar da ke zaune a ƙasa tana sayar da ruwan sanyi, sai ta yi bismillah ta naɗe hannu da zani kafin ta buɗe firij ɗinta. Koke ya yi wa Hajiya mai gidan yawa, har ta gaji ta aiko da saƙo: ranar Asabar da yamma tana tafe, duk wanda ya kawo ƙarshen jan wutar nan shi za ta ba riƙon gidan, haɗe da makullin ɗakin ƙarƙashin matakala.

Da saƙon ya iso, Na-Sani ya daki ƙirji har sai da ya yi tari.

"Maman 'Yan Biyu, ki je ki zaɓi labule. Ɗaki ya zama naki."

"Allah ya sa. Amma dai mai gyaran wuta za mu kira, ko?"

"Mai gyaran wuta? Ina raye? Ke kin san yawan batirin da ya bi ta hannun nan?"

Ba ta ja da shi ba, don ta san mijinta. Sai ta bi unguwa a natse tana tambaya. Ta tambayi mai kemis, ta tambayi mai wanki da guga, ta tambayi mai injin niƙa. Ba ta ce wa ya iya baki ba, cewa take, "Wa ya yi maka gyara ba ka sake nemansa a kan abu ɗaya ba?" Duk bakinsu ya zo ɗaya a kan wani mai shago a bayan kasuwa. Ta karɓo lambarsa, ranar Asabar da hantsi ta shige kicin ta kira shi a ɓoye.

Kunnen Na-Sani kuwa ba ya barci. Ya faɗo kicin ya karɓe wayar.

"Kai ne mai gyaran? To, da ɗan uwanka a sana'a kake magana. Firij na ja, famfo na ja, keke na ja. Ni na riga na gano, so nake in ji ko kai ma ka gano."

Murya ta fito daga wayar, kakkaura, mai fara'a. "Idan duk ƙarafan gida suna ja, maigida, to matsalar ƙasa ce. Ka ga, akwai wata..."

"Na sani!" Ya kashe waya.

"Haba Baban 'Yan Biyu! Ai ba ka bari ya gama ba."

"Ya gama mana. Matsalar ƙasa ce. Su waye a ƙasa? Mai Aski da Goggo. Dama na daɗe ina zarginsu."

Ya zura takalmi ya gangara matakala, rigarsa na kaɗawa. A shagon aski akwai wani direban bas a kan kujera, an lulluɓe shi da ƙyalle, an aske masa gefe guda tas, ɗaya gefen na nan cunkus. Na-Sani bai yi sallama ba, ya buɗe akwatin mita da ke gindin matakala ya kashe layin ƙasa gaba ɗaya. Kilifa ta mutu a tsakiyar kan direba.

"Kai, wane ne wannan?" Mai Aski ya leƙo. "Au, Na-Sani ne. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ƙwararru sun zauna, ni da wani abokin aikina, mun tabbatar matsalar gidan nan daga ƙasa take. Ku ne kuke turo mana wuta sama tana jan iyalina."

"Mu muke turo ta? Da me, da tsani?"

Goggo ta fito tana gyara ɗaurin zani. "Wa ya kashe mini firij? Ruwana zai huce!"

"Goggo, ki yi haƙuri, bincike ake yi."

"Binciken gidanku! Ni da na haifi kamarka, ni zan aika maka wuta? In da aikawa nake, ai da bakinka zan fara."

"Za ku gani da idonku," in ji Na-Sani. "Yanzu da na kashe ƙasa, sama ta warke. Ku biyo ni."

Suka bi shi kuwa, har da direba da ƙyallensa a wuya. Na-Sani ya tsaya gaban firij, ya naɗe hannun riga, ya dubi jama'a kamar mai shirin yanka kintinkiri, sannan ya dafa murfin da tafin hannu gaba ɗaya.

"Wayyo Allah na!"

Ya yi tsalle ya faɗa kan doguwar kujera, ƙafa a sama. Mai Aski ya riƙe ciki. Goggo ta ce, "Allah shi ƙara."

"Ba ja ta yi ba," in ji Na-Sani yana yarfa hannu. "Gaisawa muka yi. Ragowar wuta ce ta jiya."

Direba, da yake mutum ne mai tausayi, ya ce, "Malam, ina jin ƙasar da mutumin ya ce ba mutanen ƙasa yake nufi ba. Ƙasa ta takawa yake nufi. Ko a mota ma akwai wayar da muke..."

"Na sani! Wa ya ce ban sani ba? Gwada ku nake in ga mai kai a cikinku. Direba, ka ci. Ƙasa ake nufi, ƙasa ta Allah. Mu da muke sama mun yi nisa da ita, shi ya sa wuta ta raina mu. Maganin abin a kawo mata ƙasa har inda take."

Ya sure bokitin wanka ya sauka. Mai Aski ya mayar da layin ƙasa, ya ce wa direba su koma a ƙarasa aski. Direba ya ce a'a, a dakata, fasinja sa jira, shi sai ya ga ƙarshen wannan al'amari.

A bayan gida Na-Sani ya kafta ƙasa da murfin tukunya ya cika bokiti. Ya hau yana nishi, ƙasa na zuba a matakalar da Goggo ta wanke da safe. Ya samo guntun waya, ya ɗaura baki ɗaya a hannun firij, ya cusa ɗaya bakin cikin bokiti, ya danna da ƙafa.

"Shi ke nan. Mai Aski, taɓa."

"Ni? Ina da iyali."

"Direba?"

"Hannun nan da shi nake tuƙi."

Dole ya taɓa da kansa, wannan karon da ɗan yatsa. Wuta ta fizge shi har haƙoransa suka haɗu.

"Ta ragu," ya ce da ƙyar. "Wallahi ta ragu. Ƙasar ce ta yi kaɗan. Dubi girman firij, dubi bokiti."

Daga nan fa aka shiga jigila. Ya cika bahon wanki, ya cika kwandon shara, ya cika tsohuwar jakar makarantar 'yan biyu, waɗanda Allah ya taimaka suna gidan kakarsu. Kowane ƙarfe a gidan sai da ya samu rabonsa: famfo da tasa ƙasar, keken ɗinki da tasa, har ƙafar gado. Wayoyi suka bi falo kamar igiyar shanya. Maƙwabta suka fara taruwa a ƙofar gida, duk ya sauko da bokiti sai a ce masa sannu da aiki, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dai ku kalla ku koya, ba kullum ake samun irin wannan a kyauta ba."

Da ya miƙa hannu zai ɗauki babbar tukunyar girki, Maman 'Yan Biyu ta riƙe ɗaya kunnen.

"Baban 'Yan Biyu, don girman Allah ka bari. Rana tana yi, Hajiya na hanya. Ɗakin nan shi kaɗai na taɓa roƙo."

"Ai don ke nake yi. Ki saki tukunya ki ga aiki."

Ta saki. Ta tsaya tana kallon falonta ya koma gona, ranta ya ɓaci, hawaye ya ciko mata. Ta yafa mayafi ta bi ta bayan jama'a ta fice. Shi bai ma lura ba, yana can yana tattake ƙasa a tukunya.

Ya sake taɓa firij. Wuta ta sake ja.

"Ƙishi take ji," ya yanke hukunci. "Busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta."

Ya kwaso ruwa ya bi kowane mazubi yana shayarwa. Baho ya cika ya tumbatsa, taɓo ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi baranda. Mai Aski, wanda kowane bokiti ke ƙara matso masa da makulli, ya ga abin bai kai inda yake so ba, sai ya gyara murya.

"Na-Sani, ni fa ina da wata shawara, amma ka fi ni sani. Firij ɗin nan a ina aka ƙera shi?"

"Ƙasar waje mana. Ni ina sayen na gida ne?"

"To ka gani. Ɗan ƙasar waje ka ba shi ƙasar bayan gida? Ina zai gane ta? Ai ba yarensu ɗaya ba."

Direba ya cusa ƙyalle a baki. Na-Sani ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba, sannan ya ce, "Na sani. Yanzu nake shirin faɗa."

Duk gidan kowa ya san abu ɗaya ne ya zo daga ƙasar waje da ƙasarsa: furen Goggo. Ɗanta ne ya kawo mata shi a 'yar tukunyar roba da ya dawo daga karatu, tana ajiye shi a bakin taga, tana yi masa hira da safe. Na-Sani ya sauka sumumu, ya faki idonta, ya rungumo tukunyar ya yi sama da gudu.

"Ɓarawo! Jama'a, furena!"

Goggo ta biyo shi da tsintsiya mai dogon mariƙi. Tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa, ranar nan sai ga ta tana haɗa matakala bibbiyu. Ya shige falo ya tura kujera ya tokare ƙofa, ita kuma ta tsaya a waje tana dukan ƙofar tana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya.

"Aro na yi, Goggo! Cokali kaɗan zan ɗiba!"

"Ka ɗibi ƙaniyarka! In ganye ɗaya ya faɗi, sai na aske maka gashin baki da wannan tsintsiyar!"

A cikin wannan hayaniyar ne babbar dabara ta faɗo masa. Ya zare filogin firij zai gyara waya, sai idonsa ya sauka a kan soket. Rami uku. Biyu a ƙasa ƙanana, ɗaya a sama babba. Ya buga goshi.

"Kai, Na-Sani, Allah ya yi maka kai! Ƙananan biyu na wuta ne. To babban na mene ne? Ai mazubin ƙasa ne! Tun da aka gina gidan nan ba wanda ya taɓa zuba masa, dole wuta ta yi fushi."

Ya ɗauko cokalin roba na maganin yara, ya kwaɓa ƙasar furen Goggo da ruwa, ya dinga ɗura wa soket kamar mai ba jariri koko. Ramin sama ya cika, taɓo ya gangaro ya cike na ƙasan ma. Ya ce ba laifi, alheri ne ya yi yawa. Ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Jama'a, ku shaida! Yau za a rufe wannan babi!"

Ya danna filogi.

Tau! Wani shuɗin haske ya walƙa, soket ya yi tsaki ya tofo baƙin hayaƙi. Na-Sani ya yi baya da baya, ya taka taɓo, santsi ya kwashe shi, ya zauna daram a cikin bahon wanki. Fanka ta tsaya. Rediyon Mai Aski ya yi shiru. Firij ɗin Goggo ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Gidan gaba ɗaya ya ɗauke, sai warin ƙonanniyar roba.

Ya fito daga baho da ƙyar, ya janye kujera, ya wuce Goggo a guje, ya fizge tsintsiyar daga hannunta ba tare da ya san ya yi ba. A gindin matakala ya buɗe akwatin mita, ya ga babban makunni ya faɗi. Ya tura shi sama. Ƙat, ya dawo. Ya sake turawa. Ƙat.

"Ni za ka yi wa taurin kai?"

Ya kafa mariƙin tsintsiya a ƙarƙashin makunnin zai tokare shi da ƙarfin tsiya. Daidai nan mota ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta fito cikin farin leshi, tana ƙamshi. Ta ɗaga kai ta dubi gidanta, a daidai lokacin da taɓon baranda ya samu hanya ta bakin bututu. Ya sauko mata a kafaɗa, shaaa, har cikin jaka.

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya so, amma ba wanda ya yi.

"Maigida, sauke sandar nan!"

Muryar wayar nan ce. Wani ƙaton mutum mai tumbi da jakar kayan aiki ya sauko daga babur, Maman 'Yan Biyu na biye da shi tana haki. Ya karɓe tsintsiyar ya miƙa wa Goggo.

"Wannan makunnin da kake faɗa da shi, shi ya hana gidan nan kamawa da wuta yanzu. In ya faɗi, ba taurin kai yake yi ba, cewa yake akwai abin da ya haɗu a ciki. Ka tokare shi, sai dai a kira 'yan kwana-kwana." Ya dubi matakala, ya dubi wandon Na-Sani, ya shaƙi iska. "Wai me aka shuka a sama?"

"Ƙasa ka ce," in ji Na-Sani. "Da bakinka ka ce matsalar ƙasa ce."

Mai gyaran wuta ya hau ya leƙa falo. Daga ƙasa aka jiyo dariyarsa tana girgiza gilashin taga. Ya sauko yana share hawaye, ya ce wallahi tun da ya fara sana'a bai taɓa ganin soket da aka yi wa ɗura ba, kuma a bar shi ya ɗauki hoto don matarsa ba za ta yarda ba.

"Ni ba dariya ta kawo ni ba," in ji Hajiya tana goge wuya. "Me ya samu gidana?"

"Ranki ya daɗe, mu zagaya baya in nuna miki."

Aka ɗunguma bayan gida, har da 'yan kallo. Ya tsuguna a gindin bango, ya share ƙasa da hannu, sai ga kan wani rodi da aka kafa, da ɗan guntun waya a jikinsa bai fi tsawon yatsa ba.

"Kin ga wannan? Ita ce wayar ƙasa. Duk wutar da ta ɓalle ta hau jikin firij ko famfo, ita ke kwashe ta ta kawo nan ta nutse. Firij ɗin sama yana da wayar da ta goge tana taɓa jikinsa, ƙaramin gyara ne. Amma da yake an yanke wannan, wutar ta rasa hanya, sai ta bi gidan duka tana neman wanda zai taɓa. Kuma yanka ne, ba ruɓewa ba. Wani ne ya sa wuƙa ya kwashe ta tun daga sama har ƙasa."

"Wane mara tsoron Allah ne?" in ji Na-Sani da ƙarfi. "A nemo shi! Irin waɗannan ne suke jawo wa mutane wahala!"

"Ba ta da wuyar ganewa," in ji mai gyaran. "Koriya ce, da ratsin ruwan ɗorawa."

Goggo ce ta fara ɗaga kai. Sai direba. Sai Hajiya. Can a barandar baya ta sama, an ja wata kyakkyawar igiyar shanya daga ƙusa zuwa ƙusa, koriya shar da ratsin ruwan ɗorawa, singiletin Na-Sani da gajeren wandonsa suna lilo a kai.

"Wannan..." in ji Na-Sani. "Ai na duba ta sosai kafin in cire. Ba ta zuwa ko'ina. Cikin ƙasa kawai ta shige. Na ga waya mai kyau tana zaman banza."

Nan fa aka saki dariyar da aka riƙe. Direba ya zauna a ƙasa dirshan, rabin kansa na sheƙi. Mai Aski har ya zagaya gaban gida ya fara auna bangon ɗakin da taku.

Hajiya ba ta yi dariya ba. "Ka yanke mini waya, ka sa tsohuwa na buɗe firij da addu'a, ka mayar mini da bene fadama, ka yi mini wanka da taɓo. Ƙarshen wata ka tattara naka ya naka. Mai Aski, zo nan."

Ta buɗe jaka, ta lalubo makulli a cikin taɓo. Na-Sani ya juya ya dubi matarsa. Tana tsaye a gefe, ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙura saboda tafiyar da ta sha, idonta na kan makullin nan, ba ta ko ƙiftawa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya cire hula.

"Hajiya, ni na yi. Ni za ki hukunta. Ita wallahi tun safe take cewa in bari."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juya ga mai gyaran. "Kai kuma wa ya kira ka? Mai Aski ne?"

"Ina fa. Wannan baiwar Allah ce ta zo har shago a ƙafa. Ina cin abinci ta tsaya a kaina, ta ce ba za ta motsa ba sai na tashi. Kafin mu iso ta faɗa mini komai, abin da ke ja, da lokacin da ya fara, da soket ɗin da ke zafi. Rabin aikin a kan babur muka gama shi."

Hajiya ta goge makullin da gefen mayafinta, ta wuce Mai Aski da hannunsa a miƙe, ta kama hannun Maman 'Yan Biyu ta danƙa mata.

"Na ce wanda ya kawo ƙarshen matsalar. Ga wadda ta kawo shi, har a kan babur."

"Haba Hajiya!" in ji Mai Aski. "Matarsa ce fa!"

"Shi ya sa. Wadda ta iya zama da wannan, riƙon gida ba zai gagare ta ba." Ta nuna Na-Sani da yatsa. "Kai kuma ka ci albarkacinta. Zamanka a gidan nan yana hannunta, in ta ce ka tafi, ka tafi."

Maman 'Yan Biyu ta damƙe makullin a ƙirji, dariya da kuka suka haɗe mata. Da ta samu bakin magana ta ce, "Na gode, Hajiya. Zan riƙe shi zuwa wani lokaci in gani."

Kafin rana ta faɗi, mai gyaran wuta ya sauke igiyar shanya ya ja sabuwar waya zuwa rodi, ya canza soket, ya gyara firij, ya ɗaga makunni ya zauna lafiya. Direba ya samu sauran askinsa. Goggo ta karɓi furenta, ta ƙirga ganyen, ta ce saura ta ji daga bakin furen. Na-Sani kuwa ya sauke duk abin da ya hau da shi, bokiti bayan bokiti, ya wanke matakala Goggo na tsaye a kansa tana nuna masa inda ya tsallake.

Daga ƙarshe ya ɗora keken ɗinki a ka ya sauko da shi a hankali, matarsa na gaba tana buɗe ƙofar ɗakin. Bakin dai bai mutu ba. Ya ce wa masu kallo, "Kun gani ko? Na ce mata ɗaki zai zama nata. Hanya ce kawai na biyo ta nesa."

Ya ajiye keken a inda ta nuna, ya tsuguna, ya ɗauki filogi ya nufi soket.

"Kar ka taɓa!"

Gidan duka ne ya faɗa, sama da ƙasa, har da Hajiya daga cikin mota. Ya saki filogin kamar ya ɗauki garwashi. Maman 'Yan Biyu ta ɗauka ta sa da kanta, ta cire safar hannunta ta miƙa masa ya riƙe, ta ɗora tafin hannu a jikin keken ta bar shi a nan. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta taka, keken ya ɗauka.